Lasisina Ya Tsira, Hajiya

Assalamu alaikum, Hajiya. Ina gaisuwa daga Makka. Ya ƙafar taki? Ya su Yaya Sani da yara?

Albishirinki, lasisin tuƙina ya tsira! Kyamara ce ta kama ni ina sharara gudu daga unguwar Kudai, don fasinjojina su samu jam'i a Harami. Maimakon a rubuta min makin laifi, sai aka tura ni kwas ɗin direbobi. Malamin ya ce, "Ko da ƙafa an hana mu gudu zuwa salla, balle da mota cike da mutane." Wallahi tun daga ranar na daina gudu da mota.

A gaida kowa, a sa ni a addu'a. In kin zo Umara, ba sai kin runtse ido a motata ba.

Ɗanki,
Habibu