Kunyar Ƙanena Ce Ke Riƙe Min Gurbi

Assalamu alaikum Anti Naja'atu. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana, domin in aka gane ni a Gaya ban san inda zan sa kaina ba. Shi ma yaron da zan yi magana a kansa na canza masa suna, zan kira shi Da'u, haka ma sunan matata da na garuruwanmu duk na canza su.

Ni ɗan ƙwallon kwando ne, ita ce sana'ata, da ita nake ci da iyalina. Ina wasa a wani kulob na ƙwararru a Kano, na haura shekara talatin da kaɗan, kuma na daɗe ina cikin biyar ɗin da ake fara wasa da su. Aikina tsayawa a ƙarƙashin kwando, in cafe ƙwallon da ta dawo, in hana abokan karawa jefawa. A Gaya kowa ya san ni. Da, in na sauka a tasha, masu adaidaita har faɗa suke yi a kan wanda zai kai ni gida, kuma ba mai karɓar ko sisi a hannuna.

Da'u ɗan ƙanwar mahaifiyata ne da ke aure a Ajingi. Ni na kawo shi, Anti, ki riƙe wannan, ni da hannuna. Na je gaishe da ƙanwar Innarmu ranar kasuwa, sai na hango shi yana sauke buhunan gyaɗa daga mota, ya kere kowa tsawo, yana ta rankwafawa saboda kunyar tsawon nasa. Abokansa suna tsokanar sa wai shi ne tsanin kasuwa. Na ce wa mahaifiyarsa ta ba ni shi. Ta yi ta jan ƙafa, daga baya ta yarda, ranar da za mu tafi ta zaunar da shi a gabana ta ja masa kunne, ta ce ya bi ni sau da ƙafa, kuma kada ta taɓa jin ya yi min rashin kunya. Ni na saya masa takalmin farko, sai da muka zagaye kasuwa kafin mu sami wanda ya shige shi. Ni na koya masa riƙe ƙwallo, da inda ake ajiye ƙafa, da yadda ake juyawa. A lokacin in ya jefa ƙwallo ko allon kwandon ba ta taɓawa.

Yanzu ga shi yana neman ya zame min ciwon kai. Bara na gurɗe a ƙafa, na yi makonni ina jinya a gida, koci ya sa Da'u a gurbina. Wasannin nan a waya na kalle su, ina kwance a Gaya ƙafa a ɗaure. Yaron da nake yi wa tsawa a kan ɗaure igiyar takalmi, shi ne ke tashi sama yana kaɗe ƙwallon manyan 'yan wasa, yana cusa ta a kwando da hannu biyu. Matata Adama tana gefe tana ta murna, tana cewa ai wannan aikina ne. Na ce haka ne. Amma wallahi duk makin da ya ci sai na ji kamar an taka min ƙafar da ke ciwo. Na kama kaina ina fatan ya zubar da ƙwallo, ɗan ƙanwar uwata.

Tun daga nan komai ya canza. In na sauka a tasha, kafin a ce min sannu da zuwa an tambaye ni ina Da'u. Yaran da ke wasa a filin sakandare, waɗanda a da suke rubuta lambata a bayan rigunansu da alli, yanzu lambarsa suke rubutawa. Mutanen Ajingi kuwa sai ka ce su suka ƙirƙiro ƙwallon kwando, alhali ban san ko akwai kwando ɗaya mai kyau a garin ba. Har Innata, in za ta aiko mana da ƙuliƙuli sai ta ƙulla nasa ya fi nawa girma, wai shi yanzu yake tasowa. Na san ƙaramin abu ne, namiji da gemunsa yana kishi a kan ƙuliƙuli, amma na ji haushi kuma har yau ban manta ba.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne ranar da 'yan Ajingi suka yi shatar bas suka zo Kano kallon wasa. Na warke, na karɓi gurbina, Da'u yana benci. Tun ba a je ko'ina ba suka fara ihu a sako Da'u. A sako shi a cire wa? Ni. Da na waiga na ga har da 'yan Gaya a cikinsu, har da wani abokina da muka yi firamare tare, yana tafi yana ihu fiye da kowa. Ranar ban san yadda na ƙarasa wasan ba.

To ga inda matsalar take. Shi Da'u bai canza ba ko kaɗan. Har yau shi ke ɗaukar min jaka, ba ya sa hannu a abinci sai na fara, in zai gaishe ni sai ya durƙusa da tsawon nan nasa, a gaban 'yan wasan da suka zo daga Jos da Legas suna dariya. Da ɗan kawuna ne, abokin wasa, da ya daɗe yana yi min tsiya a fili mu yi dariya a wuce wurin. Amma shi ƙane ne, Yaya yake ce min, kuma ladabin nan ya biyo shi har cikin fili. In muna atisaye aka haɗa mu, da na tashi zan jefa ƙwallo sai ya sauke hannayensa. In an sa mu wasa tare, ga shi shi kaɗai a ƙarƙashin kwando ba mai tsaron sa, sai ya juyo ya miƙo min. Yaron da ke gagarar kowa in ba na nan, da na shigo fili sai ya koma wancan mai rankwafawar na kasuwar Ajingi.

Sau ɗaya ya taɓa mantawa. Muna atisaye na tashi da ƙwallo, sai ji na yi ya kaɗe ta har ta bugi kujerun 'yan kallo. Fili ya ɗauki sowa, koci yana tafi. Da aka tashi ya biyo ni har inda nake cire takalmi, ya durƙusa ya ce, “Yaya ka yi haƙuri, hannuna ne ya riga ni.” Anti, kin san abin da na yi? Ban ce masa komai ba. Na ɗaure fuska, na ɗauki jakata da kaina na fita. Daga ranar bai sake ɗaga hannu a gabana ba.

Makon jiya koci ya kira ni ofis. Ya ce kakar wasa ta zo ƙarshe, kuma hukumar kulob za ta rage matasa. Ya ce yana son ya riƙe Da'u ya riƙa ƙara masa mintuna a hankali, domin yaro ba ya girma a benci, amma ba zai iya kare ɗan wasan da ke daina wasa da zarar ya ga yayansa ba. Ya yi masa magana har ya gaji, yaron sai ya ce to, gobe a koma gidan jiya. Ya ce ni kaɗai zan iya kwance shi, in gaya masa da bakina ya kara da ni kamar kowa. In bai ga canji ba kafin a rufe atisaye, za su sallame shi.

Na ce wa koci zan yi. Ban yi ba. Kullum sai in buɗe baki, sai in tuna ihun 'yan bas ɗin nan, sai in tambaye shi ko ya wanke min safa. Domin na sani, Anti, ranar da na ce masa ya saki jiki, ranar ce zan koma benci. Ya fi ni tsawo, ya fi ni tsalle, gwiwoyinsa sababbi ne. In kuwa na yi shiru, zai koma Ajingi gonar gyaɗa, ni kuma in ƙara shekara ɗaya ko biyu, ba wanda zai ce na yi masa wani abu, don ban yi ba. Ina da mata da 'ya'ya biyu, ba ni da wata sana'a. Ina son yaron nan, kuma ba na son ganin sa. Me zan yi?

Naki mai bibiyar filinki,
Wani Yaya daga Gaya

AMSA

Wa alaikumus salam, Yayan Da'u.

Na gode da ka faɗi gaskiya ba ka yi mata kwalliya ba. Ni ban taɓa jefa ƙwallo a kwando ba, amma na san kishi, kuma naka ba abin mamaki ba ne. Mutumin da ya ba sana'a ƙuruciyarsa, ya ga ƙarshenta na matsowa, dole hankalinsa ya tashi. Tsoron abin da iyalinka za su ci tsoro ne na gaske. Waɗanda suka yi maka ihu kuma ba su kyauta ba, musamman abokin naka. Sai dai ka lura, a cikin duk waɗanda suka ɓata maka rai, 'yan tasha, yaran sakandare, 'yan bas, babu Da'u. Shi kaɗai ne bai yi maka komai ba, kuma shi kaɗai kake shirin hukuntawa.

Ka ce in ka yi shiru ba ka yi masa wani abu ba. A nan ban yarda da kai ba. Ranar da ya durƙusa ka ɗaure fuska, ai da fuskar ka yi masa magana, kuma ya ji. Shirun da kake yi yanzu ci gaban waccan maganar ce.

Ka kuma yi lissafin da kyau. Koci ya riga ya gaya maka yana neman matashi a gurbinka. In an sallami Da'u, kana tsammanin za a bar wurin haka? Za a kawo wani dogon daga wani gari, wanda bai san Innarku ba, ba zai ce maka Yaya ba, zai kaɗe maka ƙwallo ya yi tafiyarsa. Shirunka ba zai mayar maka da gwiwoyinka sababbi ba. Ka rasa gurbin, ka rasa ƙanen, wannan shi ne cinikin da kake shirin yi.

Ga shawarata. Ka fara da Adama, ka gaya mata abin da ka gaya min. Tana ganin nasarar yaron aikinka ce, kuma ta fi ka gaskiya. Ku zauna ku yi tunanin abin da za ka kama in wasa ya ƙare, domin zai ƙare ko da Da'u ko ba Da'u.

Sannan ka shiga mota ka je Ajingi. Umarnin da ya ɗaure yaron nan daga bakin mahaifiyarsa ya fito, ita kuma ba ta san yadda wasanku yake ba. Ka bayyana mata cewa a cikin fili karawa da kai ba rashin kunya ba ne, aikin da ake biyan sa ya yi kenan. Ka sa ta kira shi ta faɗa masa. Bayan nan kai ma ka faɗa masa, ba cikin zolaya ba, ba a tsaitsaye ba. Ka ce ranar da ya kaɗe maka ƙwallo daidai ya yi, kai ne ka yi kuskure da ka fita ba ka tanka ba. Girmanka ba zai ragu ba. Jaka da gaisuwa ya ci gaba da su a waje in yana so, fili kuwa kowa ya yi aikinsa.

Kuma ban ce ka miƙa masa gurbinka a faranti ba. Ka kara da shi iya ƙarfinka, ka nuna masa dabarun da tsalle ba ya bayarwa. In zai karɓa, ya karɓa da guminsa. Ka koma wurin koci ka tambaye shi ƙeƙe-da-ƙeƙe wane matsayi yake hango maka a baɗi, kuma ko kulob zai taimaka maka ka yi kwas na horarwa. Wanda ya hango ɗan wasa a bayan motar gyaɗa, ya mai da shi abin da ake shatar bas a zo kallo, ai yana da wata sana'ar a hannu, bai dai lura ba ne. Zafin zuciyar kuma ba zai tafi rana ɗaya ba. Duk sanda ya taso ka yi wa yaron addu'a da sunansa, ko da baki ne kawai, zuciya za ta biyo baya.

Ba zan yi maka alkawarin za ka ci gaba da fara wasa ba. Mai yiwuwa ka zauna a benci, kuma zai yi ciwo. Amma ka duba ɗaya hanyar. In ya koma Ajingi, ba zai taɓa zargin ka ba. Duk sallah zai zo Gaya ya durƙusa a gabanka, ya gode maka da ƙoƙarin da ka yi masa, ya ce Allah ne bai nufa ba. Haka zai yi ta yi har ku tsufa, kai kuma kana amsawa. Ban ga alamar za ka iya ɗaukar wannan godiyar ba, shi ya sa ka rubuto min.

Ka yi magana kafin a rufe atisaye. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya buɗa maka ta inda ba ka zata ba, ya bar ku tare kai da ƙanenka.

Taku,
Anti Naja'atu