Lamba Goma Sha Tara

Dakoro, watan Afirilu

Zuwa ga malaminmu, Mushe Abarci,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan ka samu Maradi lafiya. Ni ce Surayya Na'Allah, ta ajin kimiyya, sogon C, da ka bari. Ka gafarce ni da na rubuto, na kasa yi maka magana kafin ka tashi.

Kan kompozisiyon shimi ne, jarrabawar da ka yi mana ta ilimin sinadarai. Ka ce kowa ya ɗauki lambarsa ta rajista, ya jera elektoron na sinadarin da ke da wannan lamba, ya faɗi mazauninsa a tablo, jadawalin sinadarai. Ka koya mana cewa yawan hawa shi ne layi, elektoron na hawan ƙarshe kuma su ke nuna kolon, wato jerin tsaye. Amma darasinmu a argon ya tsaya, lamba sha takwas. Ni ce sha tara, potasiyom. Na sa biyu a hawan K, takwas a L, tara a M, tunda ka ce M na ɗaukar sha takwas. Na nemi mazauninsa a layi na uku, na rasa. Ka ba ni sifiri.

Dela, lamba ɗaya a ajinmu, ta samu hidorojen, elektoron ɗaya tal. Har yau tana ce mani, "Hajiya Tara, an samo maki kujerar ko a tsaye za ki kwana?"

Ba a kawo mana wani malami ba. Sansar, mai kula da karatu a makarantarmu, ya ce da makin nan za a yanke, kuma idan ban kai muwayen ba, makin da ake bukata, seri A ta adabi za a maida ni, sai in kai ka rubuto masa. Likitanci nake son karanta, Mushe, kuma seri A ba ta kaiwa can.

Ka huta lafiya.
Ɗalibarka, Surayya

Maradi, watan Mayu

Surayya,

Na samu wasiƙarki, ina gaida ƴan aji. Kai, wannan tambaya taki ta ba ni dariya! Gaskiyarki, na manta kun wuce sha takwas. Da Zakiru bai bar lakwal ya bi babansa fatauci ba, da ku biyu ne, shi da kalsiyom ɗinsa.

Abin ba wuya. Idan M ta kai takwas, elektoron na gaba hawan N yake tafiya, don can ya fi masa sauƙin zama. Biyu, takwas, takwas, ɗaya. Hawa huɗu, layi na huɗu. Ɗaya a waje, kolon na farko, ƙarƙashin sodiyom, shi ya sa halinsu ɗaya.

Maganar sansar kuwa, aiki ya yi mani yawa a nan, aji shida gare ni. Zan rubuta masa in na samu sarari. Kada ki damu, seri A ma karatu ne.

Ki gaida mahaifinki.
Abarci

Dakoro, watan Yuni

Mushe,

Gaisuwa mai yawa. Malamai sun zauna ranar Laraba. Sansar ya ce bai ga takarda daga Maradi ba, an sa sunana a seri A. Ba sai ka wahalar da kanka ba yanzu.

Na gode da bayanin. Na gwada shi da kalsiyom: biyu, takwas, takwas, biyu, layi na huɗu, kolon na biyu. Na duba tablo, daidai ne. Babu wanda zai ƙara tambayata.

Allah ya ba ka sarari.
Surayya Na'Allah