Muryar da Inno ta Ji a Sinima

Sharafiyya, Jidda
Ranar Litinin

Zuwa ga Yayana Zaharaddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Asma'u da 'yarmu Layan. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sauƙaƙa muku sanyin Jamus. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Maigidana Bilal ya sabunta iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, yana nan yana tuƙi a gidan kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, a unguwar Abhur. Ni ma ina nan a kantin maganin da ka sani. Inno kuwa jikin da sauƙi, sai dai idon ya ƙara ja baya, yanzu da murya take gane wanda ya shigo. Kunnen ne dai Allah ya bar mata garau, shi ya sa na rubuta maka da hannu zan ɗauki hoto in turo. Da a ce kiranka na yi a waya, da kafin in gama sallama ta ji komai ta bango.

Maganar Layan ce. Ka san yau wata bakwai ke nan Inno ba ta ɗaga wayar jikarta ba, tun ranar da ta ji an ce yarinyar ta shiga harkar fim. Na yi bayani har bakina ya gaji. Na ce mata ba a ganin fuskar Layan, ba a ganin ko yatsanta. Na ce Jamusawa mutane ne da ba sa son kallon fim ɗin wata ƙasa sai an cire muryar 'yan wasan an sa ta masu jin Jamusanci, kuma aikin Layan ke nan, a ɗaki take tsayawa da mayafinta tana magana. Inno ta ce ita dai fim fim ne, jikarta ba za ta zama abin kallon duniya ba, halas. Ka san halin uwarka. Idan ta ce halas, ko limamin unguwa sai dai ya naɗe tabarmarsa.

Makonni biyu da suka wuce Layan ta turo mini jerin finafinan da mutanen Jamus suka fi cika sinima dominsu a bana. Na zauna na duba shi da kyau. Yawancinsu na Amurka ne, sai na zane irin na yara, sai nasu na barkwanci guda biyu da ta ce ko an fassara mana ba za mu yi dariya ba. Na saman jerin shi ne wanda ta yi aiki a ciki, labarin wani jirgin ruwa da injinsa ya mutu a tsakiyar teku, ita ce muryar likitar jirgin. Ta rubuta mini cewa mutanen da suka ji muryarta sun fi mutanen unguwannin Sharafiyya da Sa'alaba yawa, amma mutum ɗayar da take so ta ji ta ƙi. Wannan magana ta tsaya mini a rai, Yaya, har na yi kuka a wurin aiki.

Sai Bilal ya ce ai ya ga hoton wannan jirgin a bangon sinimar wata babbar kasuwa da yake kai iyalin kafilinsa, fim ɗin yana nan Jidda. Na ce to, an ce gani ya kori ji, mu kai Inno ta tabbatar da kanta cewa ba a nuna jikarta. Kwana uku ina lallashi. Da farko ta ce ita da ta zo ƙasar nan daga Sudan don ɗakin Allah ba za ta ƙare a gidan kallo ba. A rana ta huɗu da kanta ta ɗauko abayarta ta zuwa biki ta ce yalla mu tafi, za ta je ne kawai don ta samu abin da za ta kafa hujja da shi. Muka tafi ranar Asabar bayan la'asar. Ta yi faɗa da sanyin wurin, ta yi faɗa da kujerar da ke naɗewa, ta kuma ƙi gugguru ta ce ba cin abinci ya kawo ta ba.

Ba a yi minti biyar da farawa ba na gane kuskurenmu. Turanci suke yi, ga fassarar Larabci tana gudu a ƙasa. Rashin sani ya fi dare duhu. Ni da Bilal mun ɗauka tunda fim ɗaya ne, muryar ma ɗaya ce ko'ina aka kai shi. Ko kaɗan bai zo mana a rai ba cewa mai muryar Layan a Jamus kaɗai ake nuna shi, wanda aka kawo Jidda kuwa na asali ne, da muryar Ba'amurkiyar da ta yi wasan. Na kalli Bilal, shi ma ya gane, ya sunkuyar da kai. Inno ba ta bambanta Turanci da Jamusanci, duka yaren Nasara take ce musu. Ina cikin tunanin yadda zan faɗa mata sai likitar ta fito ta fara magana. Inno ta damƙe hannuna, ta ce in yi shiru, ga Layan nan.

Haka ta zauna awa biyu ba ta motsa ba. Duk lokacin da likitar ta buɗe baki sai ta matse mini hannu. Da matar ta daka wa kyaftin ɗin jirgin tsawa, Inno ta yi dariya ta ce wannan faɗan naka ne sak. A mota muna dawowa, sai da muka kusa gida ta faɗa mini abin da ban taɓa zato ba. Ta ce tun wata na uku fushin ya sauka, tsoro ne ya hana ta ɗaga wayar. Ido ya tafi, kuma ta wayi gari tana neman muryar Layan a ranta ba ta samu ba, sai ta ji tsoron kada ta ɗaga ta kasa gane jikarta. Ta ce alhamdu lillahi, ashe ba ta manta ba, cikin mutane da yawa masu magana ta tsince ta nan take.

Yaya, ban iya faɗa mata ba. Bilal ma ya ce ba da bakinsa ba. Na san shirun nan ba gaskiya ba ce cikakkiya, kuma yana damuna, ina ta istigfari a kai. Amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Idan ta ji cewa muryar wata baƙuwa ta riƙe awa biyu, abin da take tsoro ne zai tabbata a wurinta, kuma ban ga ranar da za ta sake yarda ta karɓi waya ba. Yanzu ta ce Layan ta kira ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Har ta sa na sayo sabuwar igiyar caji don kada wayar ta mutu suna tsakiyar hira.

Ga roƙona. Ka zaunar da Layan kafin Juma'a ka karanta mata wannan takarda. Na san ta, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kamar kai take, ba ta barin kuskure ya wuce ba ta gyara ba. Inno za ta ce mata ta ji ta a sinimar Jidda, kuma yarinyar za ta gane nan take cewa ba zai yiwu ba. Ban ce ta yi ƙarya ba. Ta gaishe da kakarta, ta yi godiya, ta yi ta magana da Hausarta ko da gurguwa ce, har muryar ta zauna wa Inno a kunne. Idan daga baya kun ga ya dace a faɗa mata, ni zan faɗa, tunda ni na kai ta. Muryar da ta ji ranar Asabar ba ta Layan ba ce, amma wadda za ta ji ranar Juma'a tata ce, in dai kun bari ta kai ga jin ta.

Ka gaida Anti Asma'u da kyau, ka gaida Layan, ka ce mata gwaggonta tana alfahari da ita. Bilal yana gaishe ka, Kawu Na'ibi na Sa'alaba ma ya ce a miƙa gaisuwarsa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Hafsa