Alli a Bangona, Sauro a Ɗakin Matata

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Feshin Maganin Sauro na Unguwanninmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Ranka ya daɗe, ban san fuskarka ba, kai ma ba ka san tawa ba. Amma ma'aikatanka sun san ƙofar gidana, don haka na ga ya kamata mu san juna, ko da ta takarda ce.

Wasu shekaru da suka wuce, ina bayan ɗan acaɓa daga kasuwar Wunti zuwa gida, ya juyo yana gaya mini wai sauron Bauchi ya daina jin magani. Wai idan an fesa masa sai ya ɗan kishingiɗa ya huta, can ya miƙe ya kakkaɓe fukafukai ya koma bakin aikinsa. Na yi dariya har sai da na dafe hulata. Ni a gaban kaka mai tatsuniya na tashi, ina gane labarin da aka ƙara wa gishiri tun daga farkonsa. Na ce masa ya dubi hanya, ya bar ilimin sauro ga masu shi. Daga baya na sake jin zancen a majalisa, na ji shi a wajen ta'aziyya, kullum ina watsarwa. To, yau ga ni ina rubuta shi da hannuna, matata Hajiya Asabe kuma tana kwance a ɗaki tana farfaɗowa daga zazzaɓi na uku a damina ɗaya.

Ni tela ne. Na fi shekara arba'in ina ɗinki a Wunti, da ido ya fara gajiya na dawo da keken ɗinkina zauren gidana a Fadaman Mada. Yanzu rabin aikin da ake kawo mini gyaran gidan sauro ne, wanda ɓera ya ci da wanda ƙusa ta yaga. Na faɗi haka ne don ka san ba daga rediyo na samo abin da zan faɗa ba.

Na ɗaya. Masu feshinku duka maza ne, kuma da hantsi suke zuwa, lokacin da magidanta suka watse kasuwa da ofis. Ka kuwa san gidajenmu: baƙo namiji ba ya wuce zaure sai mai gida ya shigar da shi. Su ma 'ya'yan mutunci ne, ba sa kutsawa. Sai su yi sallama, mace ta amsa daga ciki cewa mai gida ba ya nan. Su fesa zaure da bakin kwata, su ɗauko alli su rubuta lamba a bango, su wuce gida na gaba. A takardarku, wannan gida an yi masa feshi. Ranar da suka fara zuwa gidana, farkon daminar bana, na tafi sayen zare. Na dawo na tarar keken ɗinkina ya sha magani har yana ɗiga, tare da shaddar mutane guda biyu. Ranka ya daɗe, a zaurena babu mai jini sai ni, ni kuma ba na kwana a can. Sauro yana ciki, bayan randa, ƙarƙashin gado, cikin tufafin da aka rataye. Ya ji sallamar ma'aikatanka sarai, ya kuma ji tafiyarsu.

Wannan al'ada ba yau aka fara ta ba. Wanda ya tsara muku aiki ya san ta, domin na tabbata shi ma ba kowa ke shiga ɗakin mahaifiyarsa ba. Yadda aka yi ya manta da ita da ya zauna a ofis, shi ne abin da ban gane ba.

Na biyu. Da suka dawo zagaye na biyu na ƙi fita ko'ina. Na shigar da su da kaina, muka fitar da kwanuka da abinci, aka fesa ɗakin Hajiya lungu-lungu. Muka zauna gindin mangwaro muna jiran warin ya lafa, ina ta yi mata alfahari cewa yau an yi aikin gaskiya. Ta dube ni kawai, ta ce in bari a kwana biyu kafin in yi wa kaina kirari. Ba a kai kwana biyun ba. Washegari da la'asar na ga sauro zaune a jikin bangon da aka fesa, cikinsa ja jawur, ko motsi bai yi ba da na matso. Sabon gidan sauro mai magani da na ɗaura mata, shi ma na ga suna sauka a kansa kamar an shimfiɗa musu tabarma.

Jikata Maryam tana karatu a jami'a a Gubi, ita ce ta yi mini bayani a ranar da ta zo duba kakarta. Ta ce idan aka daɗe ana amfani da magani iri ɗaya, masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin rai su tsira su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji taurin. Ta ce mu ma da hannunmu a ciki, da igiyar hayaƙin korar sauro da muke kunnawa kullum, da maganin gona da wasu ke zubawa a kwalba suna fesawa a ɗaki. Na ce mata wato shekara da shekaru muna zaɓe wa sauro jarumansa. Ta ce, wallahi Kaka haka ne. Ba na musun laifinmu. Amma mu jahilan abin ne, ku kuwa aikinku ne ku sani. Yaushe rabon da a kama sauron unguwar nan a gwada maganinku a kansa? Idan an gwada, me ya hana a gaya mana sakamakon?

Na uku. Ruwan famfo yakan zo, yakan ɗauke, saboda haka kowane gida da randa da duro da tanki. Bayan gidana akwai masu buga bulo da kwatarniyar siminti buɗe, ga tsofaffin tayoyi jibge wajen mai faci, kowace da ruwan sama a cikinta. Na ɗebi ruwan kwatarniyar nan a kwalba, 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil a ciki, na nuna wa shugaban ayarin masu feshi. Ya ce umarnin da aka ba su bango ne, ba ruwa ba. Akwai kuma wani sauro mai zanen fari a ƙafa, wanda ba ya jiran duhu. Da rana tsaka yake cizona a idon sawu ina taka keke. Maryam ta ce irinsa yakan ɗauki wasu zazzaɓin da ba na cizon sauron da muka saba da shi ba. Ban ce ya kawo mana su ba. Na dai ce gidan sauro ba ya tare wanda ke cizo bayan Azahar, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya ce mana uffan a kansa.

Na huɗu, kuma shi ne ya zaunar da ni na ɗauki biro. Hajiya Asabe ta haura sittin da biyar. Zazzaɓin farko ta sha magani ta miƙe. Na biyu sai da aka yi mata allurai. Na uku ta daina gane mu, tana kirana da sunan yayanta da ya rasu tun muna matasa. Aka kwantar da ita, aka ƙara mata ruwa, babban ɗanmu ya ba da jini. Likitan da ya sallame mu ya ja ni gefe ya ce, Baba, a yi duk yadda za a yi kada a sake dawo da ita da wannan ciwon, jikinta ya gaji. Ita ce ke zura mini zare a allura tun da idona ya yi rauni. Sati uku ban yi ɗinki ba, ba don babu mai zura mini ba, sai don na kasa zama. Damina kuwa ba ta ƙare ba.

Ana cikin haka aka aiko da takarda ta hannun mai unguwa, wai magidanta su sa hannu cewa an yi wa gidajensu feshi kuma sun gamsu. Ban sa ba. Na ɗauki tsumma na jiƙa, na goge lambar da kuka rubuta a bangona, da rana, jama'a na gani. An zo an ja mini kunne cewa gidan da babu lamba ana iya tsallake shi idan an zo rabon gidan sauro. To a tsallake. Na iya ɗinka nawa. Idan an sake rubuta lambar zan sake gogewa, tsumma ba ya yi mini wuyar samu, tela ne ni. Bangona ba zai ba da shaidar feshin da bai kashe sauro ba. Maƙwabta da dama sun fara tambayata ko gogewar laifi ce. Na ce musu ni dai har yanzu a gidana nake kwana.

Ga abin da nake roƙo, kuma ban roƙi abin da ya fi ƙarfinku ba. A sa mata cikin masu feshi, waɗanda za su yi sallama su shige har ƙuryar ɗaki. Idan hakan zai ɗauki lokaci, a sanar a masallaci da coci kwana ɗaya kafin zuwa, mu zauna a gida mu jira ku. A gwada maganin a kan sauron unguwar nan, idan ya daina aiki a canza shi, a kuma faɗa mana gaskiya, ba yara ba ne mu. A sa masu bulo su rufe kwatarniyarsu, a kwashe tayoyin nan. Kada kuma a sake rubuta lamba a gidan da ba a shiga ba. Sannan kai da kanka, ranka ya daɗe, ka zo. Ba sai da ayari ba. Ni zan shigar da kai, ka zauna a ɗakin Hajiya daga La'asar zuwa Magariba, da gajeren hannun riga.

Allah Ya yi maka jagora a kan amanar da ke wuyanka. Allah Ya tsare iyalinka daga abin da na gani a gadon asibiti, Ya ba ka mataimaka masu gaya maka gaskiya ko da ba ta da daɗi.

Na san za a ce maka tsoho ne ya tsinci jita-jita a bakin hanya. Saboda haka bari in gaya maka mutum na ƙarshe da ya faɗa mini cewa sauro ya daina jin magani. Ranar Talatar da ta wuce wani mutum ya yi sallama a zaurena, gidan sauro a hammatarsa, yana so in toshe masa ramuka, idanunsa sun faɗa don shi ma bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Ya tambayi jikin Hajiya. Ya daɗe yana kallon inda na goge allin, sannan ya ce shi ne ya rubuta. Ya ce sau da yawa sauro kan sauka a bayan hannunsa yana tsakiyar feshi, kuma ya faɗa a wajen aiki an ce ya ci gaba. Na tambaye shi ko in sakaya sunansa, don na san da wannan aikin yake ci da iyalinsa. Ya ce a'a, in rubuta, ya gaji da rubuta lamba. Idan wani abu ya taɓa aikinsa bayan wannan wasiƙa, unguwa ta san dalili. Sunansa Malam Ɗanjuma, shi ke goya tankin feshinku a bayansa.

Wassalamu alaikum.

Naka mai girmama ka,
Malam Bappa Tela,
Fadaman Mada, Bauchi.