Kujerar Motarka Ta Ƙone

Boyd,

Abin rage ƙarar bindiga ya iso! Na murɗa shi a bakin ƙaramar bindigata, ni da Babana muka yi ta harbin gwangwanaye a bayan rumbu. Karenka ko gudu bai yi ba. Baba, da harbi ya kashe wa kunne ɗaya, sai cewa yake, "Jolene, ashe ana harbi ana hira!"

Gaskiyarka, bindigar ta ƙi shiga kubenta. Amma ba ka ce abin yana zafi kamar garwashi ba. Na ajiye shi a kujerar motarka, ta huje. Yi haƙuri.

Na tafi mayar da Baba gida. Gobe zai dawo. Ka ji dariyarsa tukuna, sannan ka yi faɗan.

Jolene