Tef ɗin Mama da Hoton Asibiti

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Wata biyar ke nan da aka yi wa Babanmu aiki a ƙugu, ƙafarsa ta hagu ta tsotse kamar ba tasa ba. Mama tela ce, shekara talatin tana kan keke, kuma wallahi ban taɓa ganin mai jinya irinta ba. Ita ke juya shi, ita ke masa tausa, ko mu 'ya'yansa ba ta yarda mu ɗaga shi. Duk Asabar sai ta ɗauko tef ɗin awonta ta zagaya cinyar, daidai inda ta saba yin alama da alli. Ranar da ta ga ƙarin inci ɗaya da rabi har rawa ta taka. Tun daga nan take ɗura masa abinci, ta kuma hana shi tashi, wai kada naman da ta tara ya zube.

Makon jiya na kai shi asibiti aka ɗauki hoton cikin cinyar. Likita ta nuna min cewa kitse ne ya ƙaru, har ya ratsa tsokar, ita kuwa tsokar tana nan jiya i yau. Ta ce in ya ci gaba da kwanciya, da wuya ya sake takawa. Na kasa faɗa wa Mama. Matar da ba ta taɓa ɓata wa kowa yadi ba, ni zan ce awonta kuskure ne?

'Yar Tela

'Yata, Mamanki ta burge ni, kuma tef ɗinta bai yi ƙarya ba. Kauri ya auna, kaurin kuwa ya ƙaru. Abin da ke ƙarƙashin fata ne ba ya gani, ko tsoka ce, ko kitse, ko kumburi. Wannan aikin hoto ne. Sai dai hoton ma ba ya zuwa gida duk Asabar, Mama kuwa kullum tana nan.

Shirunki ne kawai ke cutar da Baba, don haka kada ki kai mako. Ki tafi da Mama asibitin ta ga hoton da idonta, mai sana'a ta san aiki in ta gan shi. Sannan ki roƙi likita ta koya mata wani awon: sau nawa Baba zai iya tashi daga kujera cikin rabin minti, in likitar ta ce ƙugun zai ɗauka. Ki miƙa wa Mama agogo. Yadda ta tsare shi a gado, haka za ta tsare shi sai ya miƙe.

Allah ya ba Baba lafiya, ya saka wa Mama da alheri.