Sun Cire Ka Daga Tarihin Gidan Talabijin

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinka, ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, ba kuma za ka karanta ta ba. To amma wa zan gaya wa? Maganar ta cika mini ciki, kuma kai ta shafa.

Gida lafiya lau. Damina ta yi kyau a Unguwar Tudu, gero ya yi, gyaɗar gonar bakin rafi ce dai ba ta yi auki ba. ’Yarmu Hadiza ta sake haihuwa, namiji, an mayar masa da sunanka, muna ce masa Abba. Akuyar nan taka mai taurin kai na rabu da ita, ta ishe ni da ɓarna a gidan maƙwabta. Rufin ɗakinka ya fara yoyo, na sa an gyara.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Gidan talabijin ɗinku na Kano yana bikin tunawa da kafuwarsa, sun haɗa shiri na tarihinsa. Ka san wanda suka ɗora a gaba ya ba da labarin? Alhaji Mudi na Kabo. Shi dai, abokin aikinka, wanda yake magana a gaban kyamara kai kana bayanta. Tun ranar sadakar ukunka ban sake ganin ƙeyarsa ba, ko saƙon gaisuwa bai taɓa aiko mini ba. Kwatsam rannan da hantsi sai ga mota a ƙofar gida, ga shi da babbar riga, da ƙullin goro, da samari masu kyamara, da wata yarinya mai yin tambayoyi. Yana ta jero mini gaisuwa, ya gida, ya yara, ya ƙarin haƙuri, kamar jiya muka rabu. Tun daga nan na sha jinin jikina.

Ya ce ana son shaidar waɗanda suka ga farkon abin da idonsu, kuma duk ’yan zamaninku sun kwanta dama, daga shi sai ni. Na ce a bari Hadiza ta zo ta zauna kusa da ni. Ya ce a’a, ai ba a haife ta ba a lokacin, maganarta ba za ta shiga ba. Na tambaye shi ina tsofaffin shirye-shiryenku, waɗanda sunanka yake fitowa a ƙarshensu. Ya ce babu ko ɗaya. Wannan kam na san gaskiya ne, don ka sha gaya mini kaset ba ya isarku, sai ku ɗora sabon shiri a kan tsoho ya shafe shi. Amma me ya sa yake murmushi lokacin da yake faɗa mini?

Suka shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin darbejiya, suka maƙala mini ɗan makirfo a bakin mayafi. Wallahi Malam na yi magana, ban rage komai ba. Na gaya musu yadda a farko gidan nan ba ya nuna kowa sai mutanen birni da finafinan Turawa. Na gaya musu kai ne ka dage wa manyanku cewa manomi ma mutum ne, a je a ɗauko shi a gonarsa. Na ba su labarin ranar da motar ofis ta kafe a rafin hanyar Jama’a, ka ɗora kyamara a ka, ka ari jaki ya ɗauki batir, ka dawo mini da laka har ƙugu. Na gaya musu yadda ake ajiye talabijin mai baƙi da fari a ƙofar gidan mai gari, a haɗa ta da batirin mota, maza a gaba, mu mata muna leƙe ta bayan zana. Ranar da mutanen Sabon Birni suka ga kansu a ciki suna sussuka, wata tsohuwa har zagayawa ta yi bayan akwatin tana neman ɗanta. Na kuma faɗa, a gaban Alhaji Mudi, cewa shi direba ne a lokacin. Mai gabatar da shirin ne ya ƙi shiga taɓo da takalminsa, kai kuma ka miƙa wa direba makirfo ka ce ya gwada.

Sai yarinyar nan ta ce in faɗi cikakken sunan maigidana don masu kallo su sani.

Haba Malam! Ni? A gaban samari sa’o’in jikokina? Tun da aka kawo ni gidanka bakina bai taɓa kama sunanka ba, ko a gabanka ko a bayan idonka. Haka na ga uwata ta yi, haka tata uwar ta yi. Ko jikan nan ba don haka muke ce masa Abba ba? Na sunkuyar da kai, na ja mayafi, na yi ’yar dariyar kunya. Yarinyar ta sake tambaya. Kafin in ɗago, Alhaji Mudi ya yi caraf ya ce a ƙyale Hajiya, mutanen da ne, shi zai ba su sunan idan sun koma ofis. Har godiya na yi masa a raina, ka ji wauta.

Da za su tafi ya nemi hoton nan da ke rataye a ɗakinka, wanda ka kafa ido a jikin kyamara shi kuma yana tsaye a gefenka. Ya ce za su ɗauka su dawo mini da shi. Har yau ƙusar ce kawai a bango.

Ranar da aka nuna shirin, gidan nan ya cika. Na aika an gaya wa ’yan’uwanka, Hadiza ta zo da yaranta, maƙwabta suka shigo. Ga ni na fito, muryata, mayafina, darbejiyarmu. A ƙasa aka rubuta wata dattijuwa daga Gwarzo. Ina ba da labarin rafi da jaki, su kuma suna nuna Alhaji Mudi yana tafiya cikin gona yana gyaɗa kai. Maganar direba an yanke ta gaba ɗaya. Aka nuna hoton nan naku, kyamara ta rufe maka rabin fuska, mai sharhi ya kira sunansa shi kaɗai. Aka gama shirin kaf ba a ambace ka ba. Mata suna ta yi mini barka wai na fito a talabijin.

Ka gaya mini, Malam, mantuwa ce? Hadiza ta kira shi a waya, ya ce yara masu haɗa shirin ne suka yi kuskure, shi ma abin ya ɓata masa rai. Oho dai. Mutumin da ya ci tuwon hannuna shekara da shekaru, ya san sarai ko da wuƙa a wuya ba zan kira sunanka ba. Ba don haka ya zaɓe ni ba? Ba don haka ya hana Hadiza zama ba? Ya samu mai shaida wadda za ta faɗi komai banda abu ɗaya, kuma abin nan ɗaya shi ne kai. Wani lokacin in ce wa kaina Allah ya yafe mini, zato zunubi ne, wataƙila tsufa ne ya kama shi. Sai in tuna yadda ya yi saurin tare bakin yarinyar nan, sai zuciyata ta ƙi.

Kai ma ina da tambaya a kanka. Me ya shiga tsakaninku? Shekarar da ka ajiye aiki, ka dawo ka kama fartanya, ba ka ce mini komai ba, sai dai ka ce ka gaji da hanya. Idan fuskarsa ta fito a talabijin sai ka tashi ka fita, wai za ka duba dabbobi. Kana tsammani ban lura ba? Na lura, na yi shiru ne don na ga ba ka so. Da ka buɗe baki ka gaya mini, da ko zaure bai wuce ba.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya maka ba. Na sha yi maka mita a kan tafiye-tafiyen nan, da wankin laka, da abincin da yake hucewa. Amma duk ranar shirinka ba na tashi sai an gama jero sunaye a ƙarshe. Don in gane naka a ciki na shiga makarantar yaƙi da jahilci, ba don lissafin ƙuli-ƙuli da na ce maka ba. Idan sunan naka ya wuce sai in ji kaina ya yi girma a cikin mata, in yi kamar ban gani ba.

Yarinyar nan mai tambayoyi ta dawo ita kaɗai, ta ce hankalinta bai kwanta ba, tana so a sake ɗauka. Ita ma ban gama yarda da ita ba, wa ya san wanda ya turo ta? Na ce mata ba za a sake ɗaukar maganata a kai ta ofis a yayyanka ba. Idan da gaske suke, su sa ni a shirin da ake yi kai tsaye, wanda abin da ka faɗa shi mutane suke ji a take. Ta yarda. Ranar Asabar Hadiza za ta kai ni Kano.

Yayarka ta aiko mini cewa idan na yi haka na zubar da girmana, da furfurata da komai. Wataƙila tana da gaskiya. Na gwada a ɗaki ni kaɗai, na rufe ƙofa, amma ko harafin farko na kasa furtawa. Ko a wannan takarda ka ga na kasa rubuta shi. Amma idan ban faɗa ba, ranar da na bi ka shi ke nan, labarin Alhaji Mudi ne zai zama tarihi, shi Abba zai koya.

Don haka ka yafe mini tun yanzu. Ranar Asabar zan ɗaga kai in dubi kyamara, in kira ka da sunan da aka raɗa maka, da na mahaifinka, da ƙarfi, kowa ya ji daga Kano har Kabo. Ba raini ba ne, Malam. Ban taɓa raina ka ba.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sada mu a gidan gaskiya.

Ni ce matarka,
Uwar su Hadiza, Unguwar Tudu.